Ɓargon Yaya Mai Kemis

Zuwa ga Yaya Mai Kemis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ƙanwarka Yaya Ƙarama da duk mutanen tsohon gida. Ya ciniki, ya kuma kunnen? Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabonmu da haɗuwa tun rasuwar Kaka. Ni ce Malama, jikar ƙanen kakanka, wadda ka taɓa ƙwace wa kofin ruwan sanyi wai zai kama mini ƙirji. Na kira wayarka ya fi a ƙirga. Sau ɗaya ka ɗauka, kana ta “Wa ke nan? Wa ke nan?” har na gaji na kashe. Yaya Ƙarama ta ce idan ina son ka ji magana, in rubuta.

Mu nan lafiya, amma ba lau ba. ’Yata Fitila, mai shekara goma sha huɗu, tana kwance a asibiti. Ɓargonta ya daina yin jini. Ƙarin jini ake ta yi mata, kuma likitarta ta ce wannan ba magani ba ne, riƙo ne kawai. Maganin shi ne a dasa mata ɓargon wani, amma sai wanda garkuwar jikinsa ta yi daidai da tata. Yadda ta bayyana mini, kowa yana da wani tambari a ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa rabi daga uba. Idan tambarin mai bayarwa ya bambanta da nata, jikinta zai ƙi ɓargon, ko ɓargon ya juyo ya yaƙe ta. An gwada ni, an gwada babanta da yayyenta biyu, babu wanda ya yi.

Likita ta tambayi yadda danginmu suke. Da na zana mata, ta ce akwai fata. Babanta ɗan ƙanwar mahaifiyarka ne, ni kuma mun haɗu da kai ta wajen uba, ka ga kun haɗa jini da Fitila ta ɓangare biyu. Haka Yaya Ƙarama, haka ’ya’yan Baffa Mai Agogo su shida, tunda shi ma a gidan su mahaifiyarka ya yi aure.

Ga tsinkayen auduga takwas a cikin ƙunshin nan, kowanne da robarsa. Kowa ya goga ɗaya a cikin kumatunsa, a rufe, a rubuta suna. Ka zuba su a babbar ambulan ɗin da ke ciki ka kai gidan waya, kai tsaye ɗakin gwaji za ta tafi. Kai na zaɓa saboda kai ne ka san harkar magani a gidan. Mutum takwas na lissafa maka, Yaya, kuma tsinke takwas asibiti suka ba ni.

Ƙanwarka,
Malama

*

Zuwa ga ƙanwata Malama,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙonki, na kuma yi baƙin cikin jin halin da yarinya take ciki. Allah ya ba ta lafiya. Mu nan da sauƙi. Kunnen yana nan yadda kika san shi, na hagun ma ya bi sahun ɗan’uwansa. Na yi mura sau biyu tun shigowar sanyi, ga wani ƙaiƙayi a maƙogwaro da nake sa wa ido. Yaya Ƙarama tana gaishe ki.

Kin yi dabara da kika kawo maganar nan wurina, domin ta faɗo daidai kan abin da nake nazari. Akwai mujallar da ke zuwa mini a cikin kwalin magani, ina karanta ta a bayan kanta idan ciniki ya lafa. A ciki na ga cewa ƙwayoyin gadon da ke gina garkuwar jiki iri-iri ne, babu kamarsu wajen yawa a jikin ɗan Adam. Wanda ya gaji iri daban daga uwa, iri daban daga uba, jikinsa yana gane cututtuka masu yawa. Marubucin ya ce masana suna binciken ko wannan yana tafiya da hali. Wato ko mai yalwar garkuwa ya fi shiga mutane, ya fi yawo, ya fi saurin aure da tara iyali, shi kuwa mai ƙarancinta ya fi takatsantsan da zaman wuri ɗaya.

Su suna bincike, ni kuwa na gama nawa. Shekara ashirin ina kallon mutane ta saman kanta. Mai wanke hannu, mai toshe hanci, mai gudun taro, kullum shi ne a layin sayen magani. Wanda ba ruwansa, sai dai ya shigo sayen filasta.

Saboda haka da na duba sunayen da kika lissafa, sai na girgiza kai. ’Ya’yan Baffa Mai Agogo? Mutanen da aka haifa a layi ɗaya, suka yi aure a layin, suna gyaran agogo a shagon da ubansu ya bari? Babbansu ko ruwan sama aka fara sai ya ɗaura mayafi a wuya. Ɓargon nan za a zuba wa yarinya marar lafiya? Ban yarda ba.

Na zaɓo mata na ƙwarai. Kin tuna ɗan’uwanmu Sarkin Yawo, direban babbar mota, wanda ubansa ya auro uwarsa daga wata uwa duniya, har ta rasu ba mu gama jin yarenta ba? Mutumin nan yana kwana a ƙarƙashin mota, yana shan ruwan duk da ya samu, ya yi aure tun gemunsa bai fito ba, ’ya’yansa sun cika gida, kuma ban taɓa jin ya yi atishawa ba. Na goga masa ɗaya, na goga wa samarinsa biyar. Na bakwai na ba Mai Walda, mijin ’yarsa. Na takwas na ba maƙwabcina mai facin taya. Shi ba danginmu ba ne, amma yana cin abinci da baƙin mai a hannunsa, kuma ƙarfinsa ya kai na mutum uku.

Na sa safar hannu, na rufe kowace roba da kyau, na kai gidan waya da kaina. Ba sai kin gode ba, yi wa kai ne.

Yayanki,
Mai Kemis

*

Zuwa ga ƙanwata Malama,

Bayan gaisuwa, ina fatan jikin yarinya da sauƙi. Ƙaiƙayin maƙogwaron ya tafi, amma ya bar mini wani nauyi a kafaɗa.

Na ji shiru. Kullum sai na tambayi mai kawo wasiƙu, har ya fara sauya hanya idan ya hango ni. Na ce wa Yaya Ƙarama shirun alheri ne, ƙila an samu mutum biyu ko uku da suka yi, likitoci suna can suna gardamar wanda za su ɗauka. Idan haka ne, shawarata a ɗauki Sarkin Yawo da kansa. Ya ce a shirye yake, sai dai a yi masa kafin ya tafi da lodin siminti.

Ban zauna haka ba. Na fara tambayar masu sayen magani inda iyayensu suka fito da shekarun da suka yi aure. Wata mata ta ce idan ba zan ba ta maganin tarin ba in faɗa mata ta ƙara gaba. Duk da haka na samu ƙarin mutum huɗu masu kyau, ciki har da wani mai haƙar rijiya. Ki aiko da tsinkaye.

Ki nuna wa likitar abin da na rubuta a wasiƙata ta farko, zai yi mata amfani.

Yayanki,
Mai Kemis

*

Yaya,

Na amsa gaisuwarka. Ina fatan kafaɗar ta yi sauƙi. Na tambayi kafaɗar ne don tarbiyya, ba don ta dame ni ba.

Ka ji shiru ne saboda zazzaɓi ya kama Fitila, irin wanda a jikin wani ba komai ba ne, a jikinta kuwa yana iya zama ajali. An mayar da ita ɗakin da ba a shiga sai da takunkumi da riga ta musamman. A kan benci a baranda na karanta wasiƙunka biyu a jere. Ta farkon sai da na maimaita ta, don na ɗauka idona ne. Babanta ya ga fuskata ya ce, “Lafiya? Mutuwa aka yi?” Na miƙa masa. Ya karanta ya kai kan mai facin taya, ya ninke takardar, ya tashi ya fita waje. Mutumin da ko yaro bai taɓa ɗaga wa murya ba, na jiyo shi yana faɗa da injin sayar da ruwa.

Mai facin taya, Yaya! Ni na ce maka gasar ƙarfi ake yi? Na ce maka ɓargon da ya fi kyau ake nema? Wanda ya yi kama da nata ake nema! Ko da na mutumin da iska ke kayarwa ne, in dai tambarinsa irin nata ne, shi ne maganin. Duk abin da ya sa ka raina ’ya’yan Baffa Mai Agogo, shi ne ya sa ake nemansu. Sarkin Yawo kuwa rabin jininsa daga inda ko sunan wurin ba mu iya faɗa ba, ta ina zai yi daidai da ’yar da uwarta da ubanta duk daga tsohon gida suka fito?

Sakamako ya dawo. Babu ko ɗaya. Ma’aikacin ɗakin gwaji ya tambaye ni ko na tabbata waɗannan danginmu ne, na rasa inda zan sa fuskata.

Ka ce in nuna wa likita wasiƙarka, na kuwa nuna mata, don ina son wani ya taya ni jin haushi. Ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce maganar yawan ire-iren ƙwayoyin gaskiya ce. Maganar hali kuwa tambaya ce da ake ta yi, wasu sun ga alama kaɗan, wasu ba su ga komai ba, kuma ko su ɗin dubban mutane suke dubawa a dunƙule. Ta ce babu wanda zai kalli yadda mutum ke cin abinci ya faɗi abin da ke cikin ƙwayoyinsa. Sannan ta ce, “Yayan naki yana da son karatu.” Na ce mata shi ne matsalar.

Ga abin da ba ka sani ba, ko ka sani ka yi kunnen ƙashi. Duk ledar jinin da aka ƙara wa Fitila tana ƙara wa jikinta saurin ƙin baƙon ɓargo. Makonnin da ka ɓata da bincikenka ba na banza ba ne, daga cikin nata aka cire su.

Da ƙyar da roƙo suka ƙara mini tsinke uku. Uku. Na rubuta suna a jikin kowace roba da jan biro, irin wanda nake yi wa ɗalibai gyara da shi. Ɗaya naka, ɗaya na Yaya Ƙarama, ɗaya na babban ɗan Baffa, mai mayafin. Idan na ji labarin mai haƙar rijiya ya kusanci ɗaya daga ciki, wallahi zan bar yarinyar nan in zo har shagonka.

Malama

*

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa. Allah ya ƙara wa yarinya sauƙi. Ni ba zan ce komai game da jikina ba, tunda an ce bai dami kowa ba.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Tunda nake ba a taɓa rubuto mini “wallahi” da jan biro ba. Na yi abin da na yi ne da kyakkyawar niyya. Kuma ki lura, likitar da kanta ba ta ce ƙarya na yi ba, cewa ta yi ana bincike.

Na goga wa Yaya Ƙarama nata. Na goga wa babban ɗan Baffa nasa, bayan ya tambaye ni sau uku ko audugar tana da tsabta. Sun tafi jiya. Nawa yana nan a aljihun tebur, ban taɓa shi ba. Ina ganin asara ce a ɓata shi a kaina. Na kusa hamsin, ga kunne, ga mura, ga abubuwan da ban faɗa ba. Ki ba ni izini in ba ƙanen mai mayafin, ya fi ni ƙuruciya.

Yayanki

*

Yaya,

Muna gaisuwa. Zazzaɓin ya sauka, ta fara cin abinci, ta kuma fara gardama da ma’aikatan jinya, alamar ta dawo hayyacinta.

Ban ba ka izini ba. Na tambayi likita, ta ce shekarunka ba su hana ba, kunne kuma ba a cikin ɓargo yake ba. Sunanka ne a jikin robar. Buɗe aljihun teburin, buɗe bakinka, goga. Na aika wa Yaya Ƙarama saƙo ta zo ta tsaya a kanka, kuma ka san ta.

Malama

*

Malama,

Ta zo. Ta tsaya. Ta kori mai sayen maganin ciwon kai ta ce ya dawo anjima. Na goga, ta karɓe da hannunta ta kai gidan waya, wai ba ta yarda da ni ba. A gaban mutane.

Za ki ga abin da na faɗa miki. Ki fara neman wasu tsinkayen tun yanzu.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, gaisuwa ta gaske a wannan karon. Ya kunnen, ya kafaɗar, ya maƙogwaron? Ka faɗa mini duka, ina son ji.

Yaya, kai ne.

Na Yaya Ƙarama rabi ya yi, na mai mayafin rabi. Naka ya yi gaba ɗaya. Likita ta kira mu ofis ta ɗora takardarka kusa da ta Fitila, ta bi su da biro layi bayan layi, babu inda suka saɓa. Ta ce ko ’yan uwa ciki ɗaya ba kullum suke samun haka ba. Babanta ya kifa kai a kan teburin matar nan yana kuka, ni kuwa dariya ta kama ni, na kasa tsayawa. Tsinken da ya fi wata yana kwance a aljihun teburinka!

Ga yadda abin yake. Za ka zo su duba lafiyarka, su sake gwada jininka. Idan komai ya yi, za su ba Fitila magani mai ƙarfi da zai share ragowar ɓargonta. Sannan su sa ka barci, su zuƙi naka da allura daga ƙashin ƙugu. Ba yanka ba ne. Za ka yi ciwon baya na ’yan kwanaki, jikinka kuma zai mayar da abin da aka ɗiba. Ba za su fara ba ta maganin ba sai sun gan ka da idonsu, domin idan aka share nata ba a samu naka ba, shi ke nan.

Babanta zai zo ya ɗauke ka da mota. Mun gyara maka ɗakin yayyenta, na wanke labule, na sa an goge fanka. Ka faɗi ranar kawai.

Ƙanwarka,
Malama

*

Zuwa ga ƙanwata Malama,

Na samu wasiƙarki. Na jima ban amsa ba, na sani. Na fara rubutawa na yaga ya fi sau nawa.

Ba zan zo ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauko jan biron.

Ba allura nake tsoro ba, ni da nake yi wa mutane. Tafiyar ma ba ita ba ce, ko da yake rabona da kwana a wani gari tun ina saurayi. Ki dube ni, Malama. Duk murar da ta shigo layinmu a kaina take fara sauka. Ba na shiga taro. Ba na cin abincin da ban ga dafuwarsa ba. Idan yaro ya yi tari a shagona, sai na goge kanta bayan ya fita. Sa’annina sun yi yawo, sun yi aure, sun aurar, ni ina nan tsakanin kwalabe ina karanta ranar lalacewar magani. Da na karanta mujallar nan ban ji haushi ba, sauƙi na ji. Na ce ashe ba laifina ba ne, haka aka gina ni, da ƙarancin kaya.

Yanzu ki ce a ɗebi wannan a zuba wa yarinyar da aka ce tana gardama da ma’aikatan jinya tana kwance. Yaya Ƙarama ta ce ko malamanta tsoron bakinta suke yi. Za a share nata a sa nawa, ta tashi da garkuwar da ko mura ba ta iya tarewa. Idan kuma masu binciken nan sun yi gaskiya ko da kaɗan ne, ta tashi tana leƙen duniya ta taga kamar ni. Na san irin rayuwar nan ciki da waje, ba zan ba wa ’yar mutane ita ba.

Akwai sauran ’ya’yan Baffa biyar. A gwada su.

Yayanki

*

Yaya,

Ba gaisuwa yau.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka ce. Na ji tausayinka, ba zan ɓoye ba, na kai minti biyu ina jin tausayinka. Daga nan sai na tuna ’yata tana kwance da allura a hannu, fatarta duk tabon jini, kai kuma kana can kana auna darajar ɓargonka kamar mai sayen tumatir.

Wa ya ce maka garkuwarka ba ta aiki? Shekara ashirin duk mai tari da mai amai da mai ƙuraje a unguwarku a fuskarka yake numfashi, kuma ko kwana ɗaya ba ka taɓa yi a gadon asibiti ba. Mura! Fitila da za ta samu jikin da mura kawai yake yi, da na yi rawa a tsakiyar titi.

Kuma ka yi tunani da kan nan naka mai son karatu. Tambarinka da nata iri ɗaya ne, layi bayan layi. Abin da kake cewa ya mayar da kai matsoraci, da shi aka haife ta, kuma ga ta nan ta hana kowa sakat. To ina binciken naka ya tsaya? Ka zauna a shago ne don ka ga dama, Yaya, ko don wani abu da ni ban sani ba. Wannan tsakaninka da kanka ne. Amma kada ka ɗora wa ƙwayoyin jini, kada kuma ka ɗora wa ’yata.

Gwada sauran biyar zai ci wasu makonni, kuma likita ta ce samun irin naka sau biyu a gida ɗaya abu ne mai wuya. Ta fara yi mini magana a hankali tana riƙe hannuna, ni kuwa na san abin da hakan ke nufi.

Ban so Fitila ta ga wasiƙarka ba, amma ta zare ta daga jakata ina banɗaki. Ta nemi takarda ta yi rubutu, ta ninke ta liƙe da filasta, ta ce idan na buɗe ba za ta ƙara yi mini magana ba. Ga ta nan a ciki. Ban san abin da ta ce ba, idan zagi ne ka cancanta.

Malama

*

Kawu,

Ina wuni. Ni ce Fitila. Ba mu taɓa haɗuwa ba amma an ce cikinmu iri ɗaya ne.

Ka ce kai matsoraci ne. Ni ma ina jin tsoro kullum. Ina yin surutu ne don kada Mama ta gane. Idan na yi shiru sai ta fita baranda ta yi kuka, ta dawo ta ce wai ƙura ce ta shiga idonta. Saboda haka idan akwai tsoro a cikin ɓargonka ba komai, ina da nawa, na saba.

Yarinyar da ke gadon kusa da ni an fitar da ita ran Talata, ba a faɗa mini inda aka kai ta ba, amma na ga mamarta.

Don Allah ka zo. Kada ka faɗa wa Mama abin da na rubuta.

Fitila

*

Malama,

Na ba ma’aikaciyar jinya wannan ta miƙo miki, tunda kina ciki wurin yarinya, kuma ko kin fito da takunkumin nan a bakinki ba na gane abin da kike faɗa.

Ina hawa na biyu, gado na kusa da taga. Ba sai mijinki ya je ɗauko ni ba, Sarkin Yawo ne ya kawo ni a gaban motar siminti. Kada ki tambaye ni yadda hanya ta kasance. Mutumin nan yana tuƙi yana cin gyaɗa yana waya, ya kuma tsaya ya sa na ci abinci a wata rumfa da ban ga inda suke wanke kwano ba. Har yanzu ina jiran abin da zai biyo baya.

Sun ɗebi jinina, sun ɗauki hoton ƙirjina, sun ce lafiyata ƙalau. Na ce su sake dubawa. Na ga likitar taku, na fara yi mata bayanin mujallar, sai aka kira ta da gaggawa, ko da yake ni ban ga wanda ya kira ta ba.

Na leƙa yarinyar ta gilashin ƙofa. Ta ɗaga mini hannu, ta murguɗa mini baki. Ki ce su fara ba ta maganin, ina nan ba inda za ni. Abin da ta rubuto mini kuma ba zagi ba ne, kuma ba ruwanki.

A kawo mini bargo, na nan ba shi da kauri.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya Mai Kemis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ka ci gaba da samun sauƙin bayan. Wasiƙunka huɗu duk sun iso, kuma a duk huɗun ka ba ni labarin ƙugunka. Likita ta ce ciwon ’yan kwanaki ne, kai ka shiga wata na biyar da shi. Yaya Ƙarama ta ce har nuna wa masu sayen magani wurin kake yi.

Ban amsa da wuri ba saboda ban so in yi magana kafin ta tabbata. Watannin farko sun yi wuya. Bakinta ya yi gyambo, gashinta ya zube, ta yi wani zazzaɓin da ya sa na daina cin abinci. Amma ɓargon ya kama. Tun da aka sallame mu ba a ƙara mata ko leda ɗaya ba. A gwajin jiya likita ta ce jinin da ke yawo a jikinta yanzu duk ɓargonka ne yake yin sa. Har yanzu tana shan magunguna, an kuma hana ta taro da makaranta sai nan gaba.

Yanzu tambayarka, wadda ka yi a ƙarshen kowace wasiƙa da ƙananan haruffa kamar ba ka so in gani. Ko ta canja? Ko ta yi sanyi? Ko ta fara zaman ɗaki?

Shekaranjiya na dawo daga makaranta na tarar da gado babu kowa. Na duba banɗaki, na duba kicin, na fita layi ba takalmi ina kiran sunanta. Sai maƙwabciya ta nuna mini sama. Tana kan rufin gida, Yaya, kusa da tankin ruwa, da takunkuminta da hular sanyi a kan da babu gashi, wai ta gaji da kallon bango tana son ta ga inda titinmu ya ƙare. Yarinyar da likita ta ce ko tsani kada ta kalla. Na ce ta sauko, ta ce sai na yi alkawarin ba zan yi faɗa ba. Na yi alkawarin, ta sauko, na karya shi tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba.

Jinin naka ne, rashin jin kuwa nata ne, ko ɗigo bai ragu ba. Ni na gaji, babanta ba ya iya yi mata faɗa, yayyenta tsoronta suke ji. Ta ce duk gidan nan kai kaɗai za ta saurara. Ka rufe shagon nan ka zo ka ja mata kunne.

Ƙanwarka,
Malama